Yadda Kuɗin Shara Ya Kai Ni Gidan Yari

Shekarun baya, a shekarar da cika-ciki ya faɗo tsakiyar damina, na yi zaman gidan yari bisa tuhumar garkuwa da mutum. Wanda aka ce na sace ɗin yana nan garau da ransa, makon jiya ma ya zo ya ari galmata, har yau bai dawo da ita ba. Duk inda na ba da labarin nan dariya ake yi, ni kuwa da na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil. Ku yi dariyarku, amma ku bari in kai ƙarshe.

Taubashina ne. Mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ɗan namiji, ni ɗan mace. Ga waɗanda suka tashi ba su san abin ba, a wurinmu ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace kuma bawa, kuma tsakaninsu babu maganar arziki sai tsokana. Idan watan cika-ciki ya kama, bawa yakan je ya karɓi kuɗin shara a hannun ubangidansa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, na sayen goro ne kawai. To ni sai Allah ya haɗa ni da ubangida mai hannun jarirai. Tun muna yara ba ya biya ta lalama. Sai na kama shi na zarga masa igiyar akuya a hannu, na ja shi har tsakar gidan Kawu, mata suna ta shewa, sannan zai laluba aljihu yana zagina. Haka muke yi duk shekara, har muka yi gemu.

A shekarar da nake ba ku labari sai ya yi ta zille mini. In na je gidansa a ce ya tafi gona, in na je gona a ce yanzu ya bar nan. Rannan da hantsi ina cikin gerona sai na hango shi a kan burtali yana tafe yana waige-waige. Na laɓe a bayan kunya, da ya zo daidai na yi wuf na cafke shi. Na ja shi gindin ɗorawar da ke bakin gonata na ɗaure masa hannu ɗaya, irin ɗaurin da ko akuyar kirki ba za ta tsaya masa ba. Na karyo masara na gasa masa. Ku lura da wannan, jama'a. Mutumin da aka ce na yi garkuwa da shi, masarata yake ci yana cewa ba ta gasu ba.

Na ce, "To ubangidan tsiya, fito da haƙƙina."

Ya zazzage aljihu ya ce, "Bawa, ko sisi babu. Kuɗina suna wurin amarya. Ungo lambarta ka kira ta, amma ka shaƙe murya, mu ga ko tana sona."

Bai daɗe da aure ba a lokacin. Amaryar daga wani ƙauye aka kawo ta can wajen iyakarmu da Katsina, ba ta gama sanin dangi ba, lambata ma ba ta da ita. Abin da ban sani ba, shi kuwa ya sani sarai, shi ne 'yan bindiga sun taɓa ɗauke mahaifinta, ya yi watanni a daji kafin a karɓo shi. Da ya faɗa mini wannan, wallahi ko wayar ba zan taɓa ba.

Na kira, na kumbura murya na ce, "Mijinki yana hannunmu. Ki haɗa miliyan biyar kafin la'asar, in ba haka ba ki nemi likkafani." Shi kuma daga gefe, bakinsa cike da masara, ya kwarma ihu, "Wayyo Allah, ku cece ni!" Sai layi ya yanke. Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Na so in sake kira in ce mata wasa ne, ashe katina ne ya ƙare, wayarsa kuma tana wurin mai caji. Muka ce ai da ta shiga gidan Kawu ta faɗa za a yi mata bayani. Na koma bakin aikina, shi kuma ya miƙe a inuwa ya kama barci da igiyar a hannunsa.

Ba ta shiga gidan Kawu ba. Yayanta ta kira, wanda yake cikin 'yan sintirin ƙauyensu, shi kuma ya kira 'yan sanda. Suna cikin nema wani makiyayi ya ce musu ya ga mutum a ɗaure a gindin ɗorawa. Ana gab da azahar na ɗago kai na ga gonata ta cika da mutane da bindigogi, suna tattake mini gero.

"Kwanta! Kwanta a ƙasa!"

Na kwanta, fuskata cikin taɓo. Babban cikin 'yan sandan ya matsa wurin taubashina, wanda ya farka yana mutsuttsuka ido, ya ce, "Malam, wannan ne ya kama ka?"

Nan ne fa inda har gobe nake jin haushi. Mutumin nan ya dube ni kwance a cikin kunya kamar ƙadangare, daɗi ya kama shi. A ransa Allah ne ya kawo masa ranar ramuwa. Ya gyara zama ya ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Shi ne ma shugabansu. Tun muna yara yake sace ni duk shekara."

Samari suna tsaye da wayoyi suna ɗauka. Kafin ya rufe baki wani ɗan sintiri ya sauke mini gindin bindiga a gadon baya. Sai a lokacin ya zabura, igiyar ma da kanta ta zame ta faɗi, yana ihu, "Kai! Kai! Wasa ne! Taubashina ne!" Ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Mutane sun fara taruwa daga gonakin maƙwabta, waɗanda ba su san ni ba har sun fara neman duwatsu. Da 'yan sandan ba su yi saurin jefa ni a mota ba, da ba ni ne nake ba ku labarin nan ba.

A ofishinsu aka jera igiyar akuya da addata da wayata a kan tebur, aka tsugunar da ni a gaba aka ɗauki hoto. Kafin Kawu ya dawo daga Dawanau inda ya kai wake, hotona ya riga shi zagaya gari. Ya zo da mai unguwa da liman, suka yi bayani har bakinsu ya gaji. Aka ce musu magana ta fi ƙarfin nan, an riga an sanar da sama, Kano za a wuce da ni. Wani jami'i ya ce da Kawu, "Baba, da ɗan gari akan ci gari. Yawancin waɗanda muke kamawa dangi ne, kuma da an kama su sai iyali su taru su ce wasa ne." Abin haushin shi ne ba ƙarya ya yi ba. Ni ne dai tsautsayi ya sa nawa wasan na gaske ne.

Aka kai ni gaban majistare, aka karanta mini tuhuma. Na buɗe baki zan yi bayani aka ce in yi shiru, wannan kotun ba ta da hurumin sauraron irin laifina, a ajiye ni har a samu shawarar ma'aikatar shari'a. Ni da ban taɓa kwana a wajen garinmu ba sai don biki ko ta'aziyya, sai ga ni a gidan yari. Da na shiga ɗaki aka tambaye ni laifina na faɗa, har matsa mini aka yi aka ba ni wuri mai kyau. Wani mai tabo a goshi ya ce, "Oga, nawa ka nema?" Na ce a baki miliyan biyar, amma a zuciya ɗari biyu nake sa rai. Da na gama ba su labari suka yi ta birgima don dariya, aka ƙwace wurin da aka ba ni, aka mayar da ni kusa da bokiti. Daga ranar sunana ya koma Kuɗin Shara.

Mijin ƙanwata ne ya samo lauya. Ranar da ya fara zuwa na shirya masa dogon bayani tun daga kakanninmu, amma ya ɗaga mini hannu.

"Malam, ka ɗaure shi?"

"Na ɗaure shi, amma irin ɗaurin..."

"Ka kira matarsa?"

"Na kira."

"Ka nemi kuɗi?"

"Ai wasa..."

"Ka ambaci likkafani?"

Na gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya murza ido ya ce, "Bawan Allah, duk abin da doka ta kira garkuwa da mutum ka yi shi, ba ka bar ko ɗaya ba. Ni na san taubasantaka, ni ma ina da nawa. Amma kotu ba ta san wasa ba sai an kawo mata hujjarsa. Abin da zai fitar da kai guda ne, mu nuna da yardarsa ya zauna a wurin, kuma shi ya shirya kiran. In ba mu iya ba, ɗaurin rai da rai ake magana."

Na ce, "To ai sai a tambaye shi, ga shi can a gida."

Sai ya zaro wata takarda ya karanta mini. Ashe a can Kano an ce da taubashina ya zaɓi ɗaya, ko dai sace shi aka yi, ko kuma haɗa baki muka yi don mu damfari surukansa, a rufe mu tare. Tsoro ya kama shi, ya sa hannu a kan cewa kama shi na yi da ƙarfi. Wasan da ya yi a gona na iya haɗiye shi, don na san halinsa, ni ma da ni ne wataƙila in yi. Amma wannan sa hannun ba wasa ba ne, kuma shi ya fi gindin bindigar yi mini ciwo. Ya zo ziyara ya fi a ƙirga, ban taɓa fita na gan shi ba.

Daga nan sai zaman jira. A kai mu kotu a ce shawara ba ta fito ba, a ɗage. A koma a ce mai gabatar da ƙara ya tafi taro, a ɗage. Aka nemi beli aka hana. Geron da na bari yana fitar da kai aka girbe shi ba ni, aka yi kaka, aka shiga rani. Mahaifiyata takan zo da dambu a kwano, ta zauna ta yi ta kallona. Ita ta gaya mini ta daina shiga gidan Kawu, ko a hanya suka haɗu sai dai kowa ya kau da kai. Mutanen da suka sha nono ɗaya, sun haura saba'in, igiyar akuya ta raba su.

Lauyana bai zauna ba, wannan kam na yaba masa. Ya sa aka bi dangi gida-gida ana neman abin da zai nuna wasan ya daɗe. A wayar ƙanwata aka samu bidiyon shekarar da ta gabata, ga ni ina jan mutumin da igiya a tsakar gidan Kawu, yana dariya har da faɗuwa, Kawu na zaune a kan tabarma yana cewa in ƙara tamke shi. Na ce shi ke nan, mun gama. Lauya ya ce, "Wannan ya nuna bara wasa ne. Na bana fa? Na bana yana bakinsa." Na ce to ya je ya gaya masa abin da zai faɗa mana. Ya ce ba shi da wannan ikon, mutumin shaidar gwamnati ne, kuma in ya faɗi gaskiya yana iya jawo wa kansa tuhumar yi wa hukuma ƙarya. Wato rayuwata gaba ɗaya tana rataye a bakin mutumin da tun da aka haife mu bai taɓa yi mini magana ɗaya ta hankali ba.

Da aka fara shari'a a babbar kotu, amaryar aka fara kira. Na shiga da haushinta a raina, don a ganina da ta taka zuwa gidan Kawu da duk wannan bai faru ba. Ta tsaya cikin hijabi. Ta ce ranar da aka ɗauke mahaifinta ita ce ta ɗaga wayar, kuma abin da aka ce mata ke nan, a haɗa kuɗi ko a nemi likkafani. Ta ce, "Da na ji muryar nan ban san lokacin da na zube a ƙasa ba. Ban yi tunanin kowa ba sai yayana." Lauyana ya tashi ya yi mata tambaya ɗaya tak, ko a garinsu ana karɓar kuɗin shara. Ta ce ana karɓa da, amma tun da abin nan ya addabe su ba mai sha'awar wasan kama mutum. Na sunkuyar da kai, haushin da na zo da shi na neme shi na rasa.

Sai aka kira shi. Ya rame, rigar ma kamar ta aro. Aka ba shi Alƙur'ani ya rantse. Mai gabatar da ƙara ya nuna ni ya ce, "Ka san wanda ake tuhuma?"

Ya ce, "Na san shi. Ai ba..." Na ga bakinsa ya ɗauko kalmar da ya saba, na ce a raina shi ke nan, yau zai ce bawansa ne a gaban alƙali, tafinta ya juya ta da Turanci a shiga wata sabuwa. Sai ya haɗiye ta. Ya ce, "Ɗan gwaggona ne. Tare aka yi mana kaciya."

Aka karanta masa takardarsa, ya ce hannunsa ne. Sannan lauyana ya miƙe a hankali.

"A gona ka ce tun kuna yara yake sace ka duk shekara. Haka ne?"

"Haka na ce."

"Sau nawa ka taɓa kai ƙara?"

"Ban taɓa ba."

"A wane wata yake sace ka?"

"Watan cika-ciki."

"Nawa kake biya ya sake ka?"

"Ɗari biyu. Wani lokaci ɗari."

Ban san lokacin da na ce, "Ƙarya yake, hamsin yake bayarwa!" ba. Alƙali ya buga tebur, lauyana ya juyo ya yi mini wani kallo da har yau nake tunawa. Na kama bakina.

Lauya ya ce, "Matarka ta ce ba ta da lambarsa, shi ma ba shi da tata. Wa ya ba shi?"

Nan ne wurin. Ya dubi matarsa, ya dubi mahaifinsa da mahaifiyata da suke zaune a benci ɗaya, kowa a ƙarshensa.

Ya ce, "Ni na ba shi. Ni na ce ya shaƙe murya. Na san abin da ya sami surukina, shi bai sani ba. Igiyar nan ko yaro zai kwance ta, ni na zauna don kaina ina cin masararsa. Takardar nan tsoro ne ya sa na sa hannu. Ranka ya daɗe, in akwai wanda za a ɗaure, ni ne." Sai ya fashe da kuka, ƙato da shi, a gaban jama'a.

Aka kunna bidiyon ƙanwata, muryar Kawu ta cika kotu yana cewa a ƙara tamke shi. Kawu ya rufe fuska da hula. Ko bayan wannan sai da aka sake ɗagewa, don kotu ba ta san gaggawa ba. Ranar hukunci alƙali ya sallame ni, amma sai da ya yi mana wankin babban bargo mu biyu, ya ce manya da mu muna wasa da abin da yake hana mutane barci. Taubashina ya tsira da gargaɗi. A bakin kotu na ga mahaifiyata ta miƙa wa Kawu ɓarin goro, ya karɓa.

Za ku ɗauka a nan haushina ya ƙare. Ina! Na dawo gida na tarar mutumin nan ya zama wani daban. In ya gan ni sai ya rusuna ya ce, "Yaya, barka da asuba." Yaya! Ni da ya girme ni da wata biyu. Ba tsokana, ba zagi, sai ladabi kamar ina surukinsa. Da cika-ciki ya zagayo, tun kafin in nema ya aiko matarsa da kuɗin shara masu kauri. Na ce ta mayar masa. A wurinta na ji cewa san da yake huɗa da shi ya sayar aka biya lauya, ya yi damina yana noma da hannu, kuma ya hana a gaya mini. Wallahi wannan ladabin ya fi zaman kusa da bokiti ci mini rai. Kotu ta sake ni, amma taubashina bai dawo ba.

Sai da wata shekarar ta zagayo na ga abin ba zai gyaru da kansa ba. Ranar cika-ciki da safe na ɗauki tsintsiyar matata na tafi ƙofar gidansa, yana zaune da mutane a kan dakali. Ban yi wa kowa sallama ba na duƙa na hau share masa zaure, ina tura masa ƙurar a ƙafa da gangan. Da na gama na miƙa hannu na ce, "Biya ni, matsiyaci."

Ya daɗe yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Can sai ya ce, "Kai bawa, ba ka da kunya? Sa guda lauyanka ya cinye. Na biya ka na shekara ɗari." Matarsa daga cikin gida ta ƙyalƙyale da dariya, karon farko ke nan da na ji dariyarta.

Idan na waiwaya yanzu, abin da nake gani shi ne zamani ya ƙwace mana wasu kalmomi, ba su sake zama na wasa ba. Muryar da ni na ɗauka abin dariya, wata a kanta ta taɓa zubewa a ƙasa. Ban ce a daina taubasantaka ba, don na ɗanɗana rayuwa babu ita, ba daɗi. 'Ya'yana ma suna zuwa karɓar nasu a wurin 'ya'yan ƙanin matata, amma na ce musu da tsintsiya za su je, kuma kada wanda ya taɓa waya.

Haushi kuwa ina nan ina ji, ba zan ɓoye muku ba. Damina guda ta tafi, sa ya tafi, har yau akwai masu kirana Kuɗin Shara a kasuwa. Shi kuma tun daga ranar ko hamsin ɗin bai ƙara ba ni ba, wai saura shekara casa'in da wani abu. Igiyar akuyar tana can kotu a matsayin hujja, ban je karɓa ba kuma ba zan je ba. Galmata dai nake so ya dawo mini da ita, kuma in ya kawo ya ce mini Yaya, wallahi sai mun koma gaban alƙali.